Sanarwa kan darasin Turanci na ranar Asabar

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da yau.

In Allah ya kai mu Asabar, za mu haɗu a ajinmu na Pantami bayan sallar La'asar, ƙarfe 4:30. Darasin shi ne matakan kwatance na bayanau (adverb, wato kalmar da ke nuna yadda aka yi aiki) a Turanci, saboda da yawanmu sun yi tuntuɓe a nan a gwajin makon jiya.

A duba wannan kafin a zo. Bayanau gajere ana liƙa masa -er da -est: fast, faster, fastest. Mai ƙarewa da -ly kuwa more da most yake ɗauka: more quickly, most quickly. Amma early ba ya bin wannan doka, earlier da earliest ake cewa. Well, better, best da badly, worse, worst sai dai hadda, babu wata dabara.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne "more faster". Kwatance biyu ke nan a kan kalma ɗaya, ɗaya ya isa. Abu biyu kuma da than ake haɗa su, then wata kalma ce daban.

Kowa ya rubuto jimloli shida a littafinsa, ya zo da naira 200 ta kwafin takardu. Wanda ba zai samu zuwa ba ya sanar a nan kafin Juma'a.

Allah ya ba mu sa'a. Na gode.