Wasiƙa daga Samaru

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida ya iyali, ya sanyin can? Na ga saƙonka kan maganar noman da kake son komawa in ka dawo, shi ya sa satin da ya wuce na leƙa IAR, cibiyar binciken noma ɗin nan ta Samaru da muke wucewa kullum a kan mashin ba mu taɓa ko waiwayarta ba.

Wallahi kunya ta kama ni. Ashe wurin ya girmi Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) nesa ba kusa ba, tun 1922 Turawa suka kafa shi don binciken noma a Arewa, sai a 1962 da aka buɗe jami'ar aka mayar da shi ƙarƙashinta. Kuma ka san irin nan da muke gani a jikin buhu, SAMMAZ, SAMNUT, SAMSORG, SAMPEA, SAMCOT? To wannan SAM ɗin Samaru ne fa, masara da gyaɗa da dawa da wake da auduga kenan. Ni dai da can na ɗauka sunan kamfani ne kawai.

Abin da ya fi tsaya min a rai shine maganar wake. Ka tuna tsutsar nan mai huda kwanso, ka ga wake ya yi fure gwanin sha'awa sai an zo roro ka ɓare ka tarar da gari da kashin tsutsa a ciki, an yi feshi an gaji kuɗi sun tafi? A 2019 suka fito da SAMPEA 20-T wanda tsutsar bata iya masa, feshi kamar sau biyu ya wadatar. Amma fa na GMO ne, wato irin da masana suka sauya wa ƙwayar halitta, kuma na san halinka da gardama kan wannan, don haka na bar maka ka yanke da kanka.

IAR ɗin suna da tashoshin bincike a Kano da Kadawa da Talata Mafara, ga NAERLS nan kusa masu wayar da kan manoma, in kuma kiwo ne sai ka nufi NAPRI, cibiyar binciken dabbobi, a Shika.

Shawarata kada ka sayi iri a bakin titi, ka fara gaya min girman gonar da irin ƙasarta, jigawa ce ko laka, sai in koma in tambayo wanda zai dace kafin ruwan farko.

A gaida Hajiya da yara.

Naka har kullum.