Zuwa ga Bala, daga Jos

Anguwan Rogo, Jos.

Aminina Bala,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, da uwargida da yara, da kasuwa. Mu nan hunturu ya shigo da ƙarfinsa, ruwan alwalar asuba sai an ɗora a wuta. Ku mutanen Fatakwal kun huta da wannan.

Ka tambaye ni wane irin aikin jinya ne ya ɓoye ni haka. To, allura da ƙarin ruwa sun daina zama aikina. An mayar da ni wajen masu ciwon jijiya da ke taɓa motsin jiki, kuma yawancinsu masu cutar Parkinson ne, wadda Muhammad Ali ya yi fama da ita. Ka tuna yadda hannunsa ke karkarwa sa'ad da ya kunna wutar Olamfik a Atlanta a 1996. Wani likitan Landan, James Parkinson, shi ya fara bayaninta a rubuce tun 1817. A can cikin ƙwaƙwalwa akwai ƙwayoyin da ke samar da sinadarin dofamin, wanda ke sa gaɓoɓi su bi umarni. Su ne ke mutuwa sannu a hankali, sai tafiya ta yi nauyi, jiki ya ƙage, hannu ya kama rawa. Idan mutum yana zaune ka ga babban yatsa na murza manuni kamar mai jan carbi.

Kafin su iso gare mu, da yawa an sha zagaye da su. Wannan ya ce sammu ne, wancan ya ce iska, wasu kuma su ce ai tsufa ne, a bar dattijo ya huta. Wata baiwar Allah daga Bukuru ta ja ni gefe tana hawaye, wai maigidan ya daina yi mata fara'a, ko ta yi masa laifi ne? Na ce, Mama, ciwon ne ya ɗaure naman fuskar, zuciyarsa tana nan inda kika san ta. Likita yana da layi har bakin ƙofa, ba shi da sukunin wannan zama. Ni aka ajiye dominsa.

Maganin da ya fi aiki shi ne lebodofa, wanda wasu suka sani da Sinemet. Ba ya warkarwa, amma yana iya tayar da mutumin da ya kasa ɗaura tazuge ya koma shagonsa. Sai dai yana da sharaɗi: lokaci. Idan an ce ƙarfe bakwai, da sha ɗaya, da uku, to haka ne, ba "safe, rana, dare" da muka saba ba. A makara, jiki ya sake kullewa. Nama, ƙwai, madara ko wake kuma suna rage shigarsa jiki, shi ya sa nake cewa a sha kamar rabin awa kafin abinci. Wanda ba ya karatun agogo, mukan ɗaura masa shan maganin da lokutan salla, kuma yana tafiya daidai. Azumi na da nasa lissafin, tun Sha'aban muke zama da likita da iyali a kai. Tsadar maganin kuwa, ba na son in fara. Sai ka ga mutum yana raba ƙwaya biyu don ta kai ƙarshen wata, ya dawo yana cewa magani ya daina ci.

Akwai wani dattijo da ke zuwa daga Gangare. Yana cikin tafiya, da ya iso bakin ƙofa sai ƙafafun su manne da ƙasa. Ɗansa ya riƙa jan hannunsa, abin da kan jawo faɗuwa. Na hana shi. Na manna filasta layi-layi a daɓe, na ce, Baba, kada ka yi tunanin tafiya, tsallake layin nan kawai. Ya ɗaga ƙafa ya tsallake, ya tsallake na biyu, sai ga shi a tsakar ɗaki yana salati. Yanzu an ja masa irin layukan da fenti daga ɗakinsa zuwa ƙofar gida.

Batun Kawu Sale da ka ce hannunsa na rawa, kada ku yanke hukunci tukuna, don ba kowace karkarwa ce Parkinson ba. Wata ta gado ce, tana tashi ne in mutum ya ɗauki kofi ko cokali, in ya ajiye hannu ta lafa. Wata kuma magani ke kawo ta, musamman maganin amai irin metokuloframaid da wasu magungunan taɓin hankali. Ka sa a duba mini: rawar tana zuwa yana zaune ne ko yana aiki? Gefe ɗaya ta fara? Yana fama da taurin bayan gida, ko ya daina jin ƙanshi? Yana ihu ko naushi cikin barci? A tattaro duk abin da yake sha daga kemis, a ɗauke shi bidiyo yana tafiya, ka turo mini ta WhatsApp. Daga nan sai mu san likitan da za a kai shi.

Ka gaida Hajiya Inna da kyau. Na ba direban Alhaji buhun dankali ya kawo muku.

Naka,
Garba