A rika ba mu labarin masu nazarin fim, ba na taurari kadai ba

Assalamu alaikum Edita, barka da aiki. Ina bin shafinku na fina-finai kuma gaskiya kuna kokari, sai dai kullum maganar wane ya yi aure, wance ta sayi mota. Shi ya sa har yau in yaro ya ce nazarin fim zai karanta a jami'a sai a kwashe da dariya a ce wai kallo ma sai an je makaranta? Abin nan yana min ciwo wallahi.

Ku dubi Farfesa Laura Mulvey 'yar Birtaniya. An haife ta a 1941, tarihi ma ta karanta a Oxford ba fim ba. A cikin kungiyar mata masu neman 'yanci a Landan ne suka rika haduwa suna karanta littattafan Freud na nazarin halayyar dan Adam, daga nan ta fito da makalarta da mujallar Screen ta buga a 1975, 'yar gajera ce amma har gobe da wuya dalibin fim ya gama digiri bai ci karo da ita ba.

Abin da ta ce shi ne kallo uku ne a fim, na kyamara, na 'yan wasa a junansu, da namu 'yan kallo, kuma a tsofaffin fina-finan Hollywood duk ukun da idon namiji aka gina su. Namiji ne ke tuka labari, mace kuwa da ta shigo sai labarin ya dan tsaya, kyamara ta bi fuskarta ko kafarta a hankali, ba don labarin ya bukata ba, don dai a kalle ta. Ta kafa hujja da ayyukan daraktocin fim Hitchcock da Sternberg. Duk wanda ya gane wannan, a fim na gaba da zai kalla sai ya tsinci kansa yana tambaya, wa aka ajiye wa kyamarar nan a nan, don me?

Ni abin da ya fi burge ni ma ba makalar ba ce, yadda ba ta kafe a kanta ba ne. An soke ta sosai, an ce to ina mace mai kallo, ita da wane ido take gani? Sai ta dawo a 1981 ta sake rubutu a kan hakan. Bell hooks, wata marubuciya bakar fata 'yar Amurka, ma ta nuna cewa an manta da bakaken mata. Kuma ba a takarda ta tsaya ba, ita da mijinta na lokacin Peter Wollen sun shirya fina-finai da kansu don gwada abin da suke fada. Ta yi rubutu kan aikin Sembene, daraktan fim dan Senegal, ta zama farfesa a kwalejin Birkbeck ta Jami'ar Landan, a 2006 kuma tana da kusan shekara 65 ta fitar da littafi kan yadda bidiyo da DVD suka canza kallo, tunda yanzu mutum zai iya tsayar da hoto ya koma baya ya kura masa ido.

Ba dole a yarda da duk abin da ta fada ba, ni kaina ina ganin ta jingina da Freud da yawa. Amma don Allah Edita ku ware ko rabin shafi ne a wata, ku gayyaci malaman da ke koyar da fannin su rika warware mana fim daya daki-daki, daga inda aka dasa kyamara har yadda aka yanka hoto.

Na gode, Allah ya kara basira.

Mai karatunku na kullum