Barka da Sallah daga Ƙasar Iska

El Chalten, Ajantina
Lahadi, 1 ga Shawwal 1446, daidai da 30 ga Maris 2025

Zuwa ga Baba da Inna da dukkan mutanen gida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Barkanmu da shan ruwa, barkanmu da Sallah, Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya maimaita mana. Ina rubuto muku wannan takarda da yammacin ranar idi daga wani ɗan ƙaramin gari a kudancin Ajantina, a yankin da ake kira Fatagoniya, ƙafafuna na zogi saboda tafiyar da na yi tun kafin asuba, hankalina kuwa tun jiya yana tsakar gidanmu a Ƙofar Marusa.

Kamar yadda na gaya wa Yaya a waya, hutun shekara da aka ba ni a mayanka ya faɗo a ƙarshen azumi, kuɗin jirgi zuwa gida kuma ya fi ƙarfina bana, shi ya sa na ga gara in ɗauki jakar goyo da tanti in ga ƙasar da nake cin abinci a cikinta da in zauna a ɗaki ina lissafin kwanaki. Baba, kada ku damu da maganar azumi: kwana uku na ajiye a kan hanya bisa rangwamen da aka yi wa matafiyi, kuma zan rama su cikin wannan wata in Allah Ya yarda. Yaya ya tabbatar mini cewa ya fitar mini da zakkar kono tare da taku.

Daga Buenos Aires na shiga babbar bas mai hawa biyu zuwa Bariloche, tafiyar kusan kilomita 1,600, wadda ta fi Katsina zuwa Legas nisa. Daga can na sake shiga wata, muka kwana muka yini a kan hanya mai lamba 40, wadda ta bi gefen tsaunukan Andes ta ratsa ƙasar daga arewa zuwa kudu, tsawonta ya haura kilomita 5,000. A gida ba a barin Katsina a kai Kankiya ba tare da an wuce masu rake da masu ƙosai da yara masu tallar gyaɗa ba, amma a nan sai a yi awa biyu ana gudu ba a ga ɗan Adam ba, sai shingen waya da gajerun ƙayoyi da tumaki masu gashi. Can ba ka zata ba sai ka hango gida guda tak a tsakiyar fili, an kewaye shi da dogayen itatuwa don su tare masa iska, har na tuna Gidan Mutum Ɗaya na hanyar Kano, na ce ashe a nan sunan yake da ainihin ma'anarsa. Akwai wata dabba da suke kira guanako, dangin raƙumi ce amma ba ta da tozo, tana tsallake shinge kamar barewa, akwai kuma wata 'yar jimina mai ruwan toka da ke tsere da mota. A wani yanki kwalta ta ƙare, muka shiga tsakuwa, iska na bugun bas ɗin daga gefe har ana jin direba na kokawa da sitiyari.

Ita wannan iska ita ce sarauniyar ƙasar. Daga yamma take tasowa, daga kan teku, ta zubar da ruwanta a ɓangaren Chile, sannan ta tsallako tsaunuka a bushe da ƙarfin da zai iya ture mutum yana tsaye. Ba ta ɗauke da hazo irin na hunturunmu, sararin sama garau yake, amma sanyinta na shiga har ƙashi, ga shi yanzu ku kuna fama da zafin bazara, su nan lokacin sanyinsu ne ke ƙaratowa, ganyen itatuwa duk ya koma ja da ruwan ɗorawa. Abin da ya fi taɓa ni shi ne itatuwan da ke kan tudu: tun suna ƙanana iska ke danne su, sai suka girma a sunkuye suna fuskantar gabas, alƙibla kuma daga nan gabas take sak. Na duba da na'urar waya na tabbatar, daga nan ban ƙara buƙatar ta ba.

Jiya na ƙi barin gari sai da saƙon Yaya ya shigo da la'asar cewa an ga wata, domin da zarar an shiga daji babu sabis. Na goya kayana na yi tafiyar kilomita 4 zuwa bakin wani tafki mai suna Kafri, na kafa tanti, na dafa taliya da kifin gwangwani a kan ɗan risho, tun da an hana hura wuta a gandun dajin nan. Ƙarfe huɗu na dare na tashi da tocila a goshi, na nufi gindin wani dutse mai suna Fitz Roy. Kun riga mu da awa huɗu, don haka lokacin da nake hawan kilomitar ƙarshe, wadda take miƙewa sama kimanin mita 400 cikin duwatsu masu santsi, na san kuna kan hanyar masallacin idi, Baba na gaba da babbar riga, su Auta na biye da tabarmi. Na yi ta kabbarori ina haki, iska na ɗauke su daga bakina tun kafin kunnena ya ji.

Wajen ƙarfe takwas rana ta fito, haskenta ya faɗa kan dutsen Fitz Roy, mai tsawon mita 3,405, ya mayar da shi ja kamar garwashi, ƙanƙara kwance a ƙafarsa, ƙarƙashinta kuma tafki shuɗi. Mutanen asalin ƙasar suna kiran sa Chalten, wato dutse mai hayaƙi, saboda girgijen da ba ya rabuwa da kansa. Inna, ku kwantar da hankalinku, gindinsa kawai na je, ƙololuwarsa ma sai a 1952 wasu Faransawa biyu suka fara taka ta. Baba zai tambayi abin da ake zuwa nema a kan dutse, amsata ita ce ban taɓa faɗin Allahu Akbar na ji nauyinta kamar yadda na ji a safiyar nan ba. Na ci dabino uku, na zaro kaftanin da Inna ta ɗinka mini bara daga ƙasan jaka na ɗora kan rigar sanyi, na yi alwala da ruwan da ya sa yatsuna suka sandare, na raɓe bayan wani dutse na yi raka'a biyu ni kaɗai. Da na sallame na waiga dama da hagu babu wanda zan miƙa wa hannu, a nan ne hawaye suka zo mini.

Gaskiya wainar Inna ce ta fi tsaya mini a rai, fiye ma da hawa da algaita da jahi a Ƙofar Soro. Tun jiya da daddare nake ganin shinkafar da aka jiƙa, da Ladi ta dawo daga markaɗe da bokiti a ka, da ƙullun da ke kwana a rufe yana tashi, da ƙarar mai a tanda tun kafin kiran assalatu. Ina jin ƙamshin miyar taushe, kabewa ta narke, gyaɗa ta kama jikinta, ɗan tsamin yakuwa da daddawa na biye. Sannan ga rabo: Inna na zaune ta jera kwanuka, wannan na gidan Liman, wannan na Gwaggo, wannan na maƙwabta, mu kuma mu yi ta zirga-zirga cikin sabbin kaya, kwano bai taɓa dawowa wayam ba, wani da funkaso, wani da tuwon shinkafa, wani da 'yan kuɗin goron Sallah a kan murfi. Mutanen nan gashin rago suke alfahari da shi, ana banƙare shi a jikin ƙarfe a gefen wuta, amma ni da yanka ne sana'ata ban ci abin da ban san wanda ya yanka ba. Da nake saukowa wani dattijo da matarsa suka ga kaftanina suka tambaye ni, na ce musu yau babbar rana ce a wurinmu, sai suka miƙo mini ƙoƙon shayinsu mai ɗaci da ake kira mate, wanda kowa ke zuƙa da tsinke ɗaya kamar yadda ludayin fura ke zagayawa. Ni ma na ba su sauran dabinona, na ji daɗi ƙwarai da Sallar ba ta wuce ban ba kowa komai ba.

A gaishe mini da Liman da Mai Unguwa da mutanen zaure. A gaishe da Kawu da iyalinsa, da Yaya da amaryarsa, da Ladi da mijinta. Gwaggo kuwa a je har ɗakinta a zauna a karanta mata takardar nan a hankali, a gaya mata ina sanye da safar da ta ba ni ranar da zan taho, wadda ta ce ko ba a yi sanyi ba in riƙe, kuma ban manta da maganin ƙafarta ba, zan aiko da kuɗinsa ƙarshen wata, kada ta ce za ta haƙura. Auta, na ɗauki hoton guanako dominka, kai ma ka ɗauko mini hawan gobe, ka tsaya inda muka saba tsayawa. Inna, don Allah in an sami mai tahowa a saka mini daddawa da busasshiyar yakuwa, kabewa akwai ta a nan, zan gwada.

Gobe da safe zan shiga bas zuwa El Kalafate, tafiyar awa uku, daga can zan kira ku in na sami sabis mai kyau. Ku sa ni a addu'a.

Wassalam,
ɗanku mai kewarku.