Godiya ga shagon da ya ceto mini rundunata

Assalamu alaikum, mai shago da dukkan ma'aikatanku na teburin fenti.

Ba ɗabi'ata ba ce yabon mai sana'a a bainar jama'a, don a ganina idan an biya mutum ya yi aiki, an rabu lafiya ke nan. Amma duk mai irin wannan wasa namu na Warhammer 40,000 ya san wuyar samun mai fentin da za ka damƙa wa kayanka ka koma gida ka yi barci. Shi ya sa na ce bari in rubuta inda kowa zai gani.

Saboda wanda bai san harkar ba, Warhammer 40,000 wasan yaƙi ne na duniyoyin sama da ake yi a kan tebur da ƙananan mayaƙa na roba, da tef ɗin awo, da ƙwayoyi irin na ludo. Kamfanin Games Workshop, wanda hedikwatarsa ke Nottingham a Ingila, shi ya fito da shi a 1987. Mayaƙan a wargaje suke zuwa, launin toka, kai za ka yanko gaɓoɓinsu ka haɗa da gam, sannan a yi fenti. Tawa rundunar Imperial Fists ce, masu sulke ruwan ɗorawa da tambarin baƙin dunƙulen hannu a kafaɗa. Kowane mai fenti ya san ruwan ɗorawa na cikin launukan da suka fi taurin kai, don ba ya rufe abin da ke ƙarƙashinsa sai da lallashi.

Wanda na fara kai wa aikin, ba zan ambaci sunansa ba, ko dai bai san haka ba ko bai damu ba. Baƙin fenti ya fesa musu a shimfiɗin farko, da ya ga ruwan ɗorawan ya ƙi hawa sai ya dinga lafta shi kai tsaye daga kwalba ba tare da ya sirka da ruwa ba. Da kayan suka dawo sai na gan su kamar yaɓen bango. Mikiyar da ke ƙirjin kowane mayaƙi ta zama ƙulli, idanun kwalkwali sun toshe, ƙananan ƙusoshin sulke duk sun nutse. Layin da injin zubi ke bari a gefen ƙafa da hannu, wanda ake kankarewa da bayan wuƙa tun kafin a taɓa fenti, yana nan raɗau a kan kowa. Ya zo ya fesa man kariya na ƙarshe a ranar da iska ke da laima, sai duk suka yi fari-fari, wani hazo ya lulluɓe su. Na yi magana, ya ce ai daga nesa ba a gani. Na sake magana, ya daina ɗaukar waya. Daga nan na kai su wani shagon, mai shagon ya juya ɗaya a hannu ya ce in zubar in sayi sababbi, kuma ga su can a kan kanta. A wani wurin ma dariya aka yi mini, wai babba da ni ina yawo da kayan wasan yara.

Da wannan zuciyar na shigo wurinku, a shirye nake in ji an sake cewa in buɗe aljihu. Sai wannan saurayin na teburin ƙarshe, mai gilashin ƙara girma a goshi, ya karɓi akwatin da hannu biyu. Ya ɗauki mayaƙi ɗaya ta gindinsa, bai taɓa jikin ba, ya kai shi ƙarƙashin fitila ya daɗe yana juyawa. Can ya ce, “Yallaɓai, kada ka sayi ko guda ɗaya. Robar lafiya lau take, fentin ne ya danne ta.” Na ce, “Malam, ka tabbata?” Ya ce in zauna in gani.

A gabana ya ciro wani mayaƙi da ya kwana a cikin sinadarin isopropyl, ya goge shi da tsohon buroshin haƙori, fentin ya dinga saɓulewa yana barin robar tas. Ya gargaɗe ni kada wani ya ruɗe ni da asiton, irin wanda ake goge fentin farce da shi, don yana narkar da wannan robar, fuskar mayaƙi ta tafi har abada. Sannan ya bayyana mini yadda zai yi da launin da ya gagari na farko: shimfiɗi mai haske za a fesa, a sa ruwan hoda a ƙarƙashi wajen lungu da saƙo, in an bi da ruwan ɗorawa siriri sau biyu ko uku sai hodar ta koma inuwa mai ɗumi maimakon dauɗar da baƙi ke bayarwa. Ya ambaci fentin Contrast da suka fito a 2019, masu gangarawa cikin lungu da kansu, ya ce suna da sauri amma a kan faffaɗan sulke da jikin tanka sukan bar tabo in ba a kula ba, don haka tankokin da bindigar fesa fenti zai yi su. Bai ɓoye mini komai don kada in koya in daina zuwa ba. Wannan ne ya fi ba ni mamaki.

Kuma bai taɓa sauran ba sai da ya gama guda ɗaya ya nuna mini. Na ce launin ya ɗan yi haske, ina son ya ja zuwa ruwan zinariya. Bai ɓata rai ba, bai ce ai shi ne gwani ba. Ya gyara, na amince, ya rubuta haɗin fentin a takarda ya ba ni, wai ko nan gaba na ƙara mayaƙa wani ne zai yi mini, launin ya zo ɗaya.

Sauran aikin ya tafi yadda kuka ce, a lokacin da kuka ce. An huda bakin bindigogi, tambarin kafaɗa ya kwanta ba kumfa, an manna maganaɗisu a ƙarƙashin kowane gindi don su tsaya cak a faranti na ƙarfe lokacin tafiya. A gasa, fentin ma yana da nasa lada, maki 10 cikin 100 na cin wasa ga wanda rundunarsa ta cika sharaɗin fenti. Yanzu ina samunsu ba tare da na sunkuyar da kai ba, har abokin karawa ya ɗaga kyaftin ɗina yana tambayar wa ya yi.

Abin da ke damuna shi ne, me ya sa wannan ya zama abin mamaki? Masu karɓar aikin fenti sun yi yawa yanzu, kowa da hotuna masu sheƙi, amma hoton gwarzo ɗaya da aka ɓata mako a kansa ba ya gaya maka yadda za a yi wa mayaƙa hamsin. Sai a karɓi rabin kuɗi, a yi alƙawarin wata ɗaya, a shafe watanni ba labari. Wasu su haɗa kayan mutum da na wani, wasu su zuba su a akwati ba soso ba komai, su iso takobi a karye, tuta a cire. In ka yi ƙorafi a ce ka cika tsirfa, alhali mai fentin ya fi kowa sanin kuɗi da lokacin da ke cikin akwatin nan. Ni da za a ji tawa, kada kowa ya ba da runduna sai an yi masa gwajin guda ɗaya, kuma a rubuta ranar karɓa.

Mai shago, ka riƙe yaron nan da kyau, ka ƙara masa albashi in da hali. Akwai wasu tankoki biyu da ban haɗa ba tukuna, kuma shi nake so ya yi su, ko da zan jira layi.

Allah ya ƙara buɗi, ya sa albarka a sana'a.

Naku,
mai rundunar ruwan ɗorawa