Na sake shiga ruwa, ko baftismar da aka yi mini ina jaririya ta isa?

Baba Fasto, ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Kowace Lahadi da yamma nakan saurari shirinku, yau ni ma na kawo tawa damuwar.

Bakwaini aka haife ni, a wani ƙauye kusa da Pankshin. Marigayiya mahaifiyata ta ce ba wanda ya sa rai zan kwana biyu. Cikin dare aka taso katikis, ya yayyafa mini ruwa da sunan Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki, don kada in tafi haka. Ga ni yau da 'ya'ya huɗu. Katin baftismar nan Mama ta adana shi a ƙasan akwatinta har ta koma ga Ubangiji, yanzu yana hannuna, duk ya yi ja.

Ba wannan kaɗai ba. Gwanjo nake sayarwa a kasuwar Terminus da ke Jos. Ranar Talata, 20 ga Mayu, 2014, aka kira ni daga makaranta cewa ɗana zazzaɓi ya rufe shi. Har da ƙunƙuni na rufe kaya, don ban yi ciniki ba. Ina hanya na ji ƙarar bam ɗin farko. Mutum fiye da 100 suka mutu ranar, ciki har da wadda muke raba inuwa ɗaya. Tun daga nan ba na jayayya da abin da ke Romawa 8:28, cewa Allah yana sa kome ya zama alheri ga masu ƙaunarsa. Allah ne ya tanadi zazzaɓin nan.

To ga matsalar. Ikilisiyar maigidana ba ta karɓar yayyafi, sai nutsarwa, kuma sai mutum ya yi hankali ya furta bangaskiyarsa da bakinsa. Shekara goma sha biyar ina Zumuntar Mata, ina ba da zakka, amma ranar Jibin Ubangiji sai dattawa su wuce ni da faranti. Ba na zarginsu, tsarinsu ne. Amma fa da ciwo.

Maigida ya ce ai Yesu kansa yana da wajen shekara talatin ya shiga Kogin Urdun, kuma baban nan na Habasha sai da ya ji bishara daga bakin Filibus ya nemi ruwa. Har ya ce wataƙila don wannan Allah ya raba ni da bam ɗin Terminus. Yayata kuwa ta buɗe mini Afisawa 4:5, ta ce baftisma ɗaya ce, in na sake, na ce ke nan abin da aka yi a daren nan wasa ne. Wannan maganar ita ta fi tsaya mini a wuya. Ji nake kamar zan ƙaryata Mama a kabarinta.

Baba, idan na shiga ruwa, na raina alherin da Allah ya yi mini tun ban san kaina ba? Idan na ƙi, biyayya na kasa, ko aminci na riƙe? An ce masu son shiga ajin baftisma su ba da suna kafin ƙarshen watan nan, maigida kuma kullum sai ya tambaye ni ko na rubuta.

'Yarku cikin Ubangiji,
daga Tudun Wada, Jos.