Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Lafiya: Sallama Daga Asibiti Ba Warkewa Ba Ce

Mai girma Minista,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, na rubuto ne a kan mutanen da shanyewar ɓarin jiki ta kayar amma kwanansu bai ƙare ba, da halin da suke shiga daga ranar da aka sallame su daga asibiti.

Mahaifina yana cikinsu. Wata safiya ya tashi bakinsa a karkace, hannunsa na dama ya ƙi ɗaguwa, magana ta sarƙe. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, kuma ina gode musu. Sun ce jijiyar jini ce ta toshe a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwarsa, shi ya sa dama ta shanye har magana ta tafi, domin hagun ƙwaƙwalwa ke juya daman jiki, kuma ga yawancin mutane a can cibiyar magana take. Bayan kwana 11 aka ba mu takardar magani, aka ce mu riƙa motsa masa jiki, aka sallame mu. Yadda za a motsa, da sau nawa a rana, da abin da za a kiyaye, babu wanda ya nuna mana.

Sai muka yi abin da hankalinmu ya ba mu. In za mu tayar da shi zaune, hannun da ya shanye muke kamawa mu ja. Ashe tsokar da ke riƙe kafaɗa ta riga ta saki, janmu kuwa gocar da ƙashin yake daga mazauninsa. Har yau kafaɗar tana hana shi barci. Muna ba shi ruwa yana kishingiɗe, ya ƙware, mu ce sannu. Ba mu san cewa ƙwarewar nan alama ce ta haɗiya ta lalace ba, abin da zai tafi ciki yana zarcewa huhu, kuma ciwon huhu irin wannan yana cikin abubuwan da ke kashe masu wannan larura bayan sun tsallake kwanakin farko. Sai da aka yi wata 4 muka kai ga likitar gashin ƙashi. Ta kama yatsunsa da suka ƙandare, ta dube mu ta ce, ina kuka shiga tun tuni?

Wannan tambaya ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ɓangaren ƙwaƙwalwar da ya mutu ba ya dawowa, amma sauran sassan suna iya koyon aikinsa, su buɗe sababbin hanyoyin aika saƙo zuwa hannu da ƙafa da harshe. Abin da ke buɗe hanyoyin nan maimaici ne: a miƙe tsaye a zauna, a kai hannu ga kofi, a furta kalma guda, sau ɗaruruwa, kullum. Ƙwaƙwalwa ta fi karɓar wannan karatu a wata 3 na farko, daga nan saurin yana raguwa zuwa wajen wata 6, duk da cewa ƙofar ba ta rufewa gaba ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu kuwa ɗanyen namu a kan gado ya bushe muna zaton jinya muke. A Ingila, ƙa'idar da NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya, ta fitar a 2023 ta ce a ba wanda zai iya aƙalla awa 3 na atisayen farfaɗowa a rana, kwana 5 a mako. Ba na cewa kowace ƙasa za ta kai nan gobe. Amma tsakanin awa 15 a mako da babu ko minti ɗaya akwai fili mai faɗi da za a iya tsayawa.

Ranka ya daɗe, mu ba ƙalilan ba ne. Ƙungiyar Yaƙi da Shanyewar Jiki ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 12 ke kamuwa duk shekara, kuma 1 cikin 4 na waɗanda suka haura shekara 25 zai gamu da ita a rayuwarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a wasu ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, fiye da rabin masu buƙatar farfaɗowa ba sa samu. A watan Mayun 2023, a Babban Taron Lafiya na Duniya a Jeniba, ƙasashe suka amince da ƙudurin farko da ya ce a shigar da farfaɗowa cikin tsarin kiwon lafiya a kowane mataki. Alkawari ne, kuma cika shi ya rataya a wuyan masu kujera irin taka.

Babban abin da nake roƙo ba ya buƙatar sabon gini. Kada a ƙara sallamar mai shanyewar jiki sai an gwada haɗiyarsa, an ba shi ranar ganin likitan gashin ƙashi a rubuce, an kuma tsayar da mai jinyarsa a gefen gado an koya masa da hannu: yadda zai juya shi duk awa 2 don gudun gyambon kwanciya, yadda zai tallafe hannun da matashin kai, yadda zai zaunar da shi sosai kafin ya ci ko ya sha, yadda zai ɗaga shi ba tare da jan kafaɗa ba. Rabin awa ya isa wannan karatu. Da mun samu, da kafaɗar mahaifina tana lafiya.

Sai maganar nisa. Ɗauko wanda ba ya iya tsayuwa a kai shi babban asibiti sau uku a mako ya fi ƙarfin yawancin iyalai, shi ya sa suke zuwa sau biyu su haƙura. A horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su ci gaba da atisayen ƙarƙashin kulawar ƙwararre, su auna hawan jini a kowace ziyara, domin wanda ta kama sau ɗaya tana iya sake kama shi. A sa gashin ƙashi da sandar dogarawa da keken guragu cikin inshorar lafiya. A ƙara ɗaukar masu koyar da magana aiki; mutumin da hankalinsa ke nan daram amma kalma ta ƙi fita yana cikin wani kurkuku da na kusa da shi ma ba sa gani. Kusan 1 cikin 3 na masu wannan larura suna faɗawa ciwon damuwa, mai damuwa kuwa ba ya atisaye, don haka ita ma a riƙa tambayarta ana magance ta.

Yau mahaifina yana takawa da sanda har bakin ƙofa, yana kiran sunayenmu ɗaya bayan ɗaya, ko da yake sai ya yi ta laluben wasu. Hannun dai bai dawo ba. A makon nan ma za a sallami wasu iyayen da takardar magani kaɗai, kuma umarnin da zai hana hakan sa hannunka yake jira.

Allah Ya taimake ka.

Naka,
Ɗan wani majinyaci